Hannun Sanata a Kan Kulu

Marka ta zauna mana a Ƙaura Namoda bana, ta ƙi tashi. Ba irin ruwan da zai tsuge ya wuce ba ne, yayyafi ne tun asuba, ya ɗan ɗauke ka shanya zane, kafin ka juya ya dawo. Ɗakin da aka ba mu aro a bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa yana yoyo ta ko'ina, mun jera kwanoni a ƙasa, kowanne da irin kukansa. Tun da muka sauka a garin nan, in na zauna a bakin ƙofa abin da nake fuskanta shi ne wani makeken allon talla a gefen titi. Ga Sanata da babbar riga fara sol yana murmushi, ya ɗora hannu a kan wata 'yar yarinya mai kumatu. Yarinyar jikata ce, Kulu, 'yar ɗana Sani. Ni ban yi boko ba, uwarta Rabi ce ta karanta mini rubutun da ke ƙasan hoton: wai lafiyarmu tana hannunsa.

Cikin wannan ruwan zazzaɓi ya kama Kulu. Ran da na kai tafin hannuna goshinta na ji yadda yake ƙuna, nan take na gane wannan zafin. Na taɓa jin sa a goshin ubanta, shekara talatin da 'yan kai, a tungarmu ta bayan Gurbin Bore, a cikin wata marka irin wannan.

Daminar da ta gabaci waccan shekarar ta yi gardama. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, abin da muka ɗaure bai kai mu ko'ina ba. Kafin ruwan shuka ya sauka mun fara shiga rumbu da tsintsiya. Irin da muka shuka ma surukata ce ta ɓoye shi a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta ce duk wanda ya fasa ba ta yafe ba, don ta san yunwa ba ta da kunya.

Gayya ba ta tsaya don ana yunwa ba. Yau gonar wane, gobe ta wane, maza su jeru da hauya, mai ganga yana binsu da kiɗan da shi ma ba ƙarfi gare shi ba. Sai dai furar da muke kai musu ta koma farau-farau, ruwa ne kawai da aka gwada wa gari. Su sha, su ƙara tamke mazagin wando, su duƙa. Mu mata da sassafe muke fita da ƙwarya, raɓa tana jiƙa mu har cinya, mu tsinko tafasa da rama da yaɗiya. A dafa, a matse, a kwaɗa da ɗan ƙuli in akwai. Da ƙuli ya ƙare aka koma gishiri da barkono. Matan rugar da ke gefenmu suna kawo nono tsala mu ba su dusa, har ranar da dusar ta zama abincinmu, muka daina ba kowa. Abin da ba na mantawa shi ne shirun garin. Hantsi ya yi, ba ka jin taɓarya ko ɗaya. In wata ta kuskura ta yi daka, kafin ta kai ga tankaɗe yaran unguwa sun cika mata ƙofar gida, ba sa roƙo, tsayawa kawai suke yi suna kallon turmin.

Maigida, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai kunya, kuma kunyar tasa ce ta cuce mu. Ba ya iya zama ya ji kukan yara da magariba. Wata Alhamis ya ja akuyarmu ta ƙarshe ya nufi kasuwar Shinkafi, wai zai sayar ya auno hatsi. Na share murhu, na wanke tukunya, na zauna jira. 'Yan kasuwa suka dawo, ba shi. Daga baya wani ya ce ya gan shi yana hawa babbar mota mai zuwa kudu. Da kwanaki suka tura na ɗauki Sani a baya na je wurin wansa, na durƙusa a zaure.

Na ce, "Yaya, in sakina yay yi, a hwaɗa mani in san matsayina."

Ya ce, "Wa yac ce miki saki na? Bai sake ki ba. Ƙaurace miki dai yay yi, shina dawowa."

"Yaushe?"

"In Allah ya so."

A ranar na koyi wannan kalmar, kuma a jikina na koye ta. Sakakkiya ta san inda ta dosa, ta tattara kwanoninta ta koma gidan ubanta. Matar aure tana da wanda zai kawo cefane. Wadda aka ƙaurace wa kuwa tana nan a tsakani, igiyar aure a wuyanta, tukunyarta wayam, ba ta da ikon tafiya, ba ta kuma da wanda za ta kai wa kuka. Na ji haushinsa ƙwarai, har yau in na tuna ina ji. Maƙwabta ne suka yi mana maimai a gonarmu, ba su sha ko farau-farau ba.

Sai marka ta kama sosai. Katangu suka jiƙe suna zubewa, itace ya ƙi kama wuta, hayaƙi ya cika ɗaki yana sa ido hawaye, sauro kuwa kamar an aiko su. A nan zazzaɓi ya kwantar da Sani. Ya ƙi nono, wanda dama ba wani abin kirki ne a cikinsa ba. Jikinsa ya ɗauki zafi, idanunsa suka kakkafe, ya fara taune-taune. Surukata ta yi turare, aka karɓo rubutu aka ɗura masa, abin sai gaba yake yi. Aka aika wa Malam Isa, malamin asibitinmu. Asibitin ɗaki ne guda na ƙasa da rufin kwano, da benci, da kabad, a ƙetaren gulbi, gulbin kuma ya cika ya batse.

Ya zo. Ya bar kekensa a can ƙetare, ya naɗe wando, ya ɗora akwatinsa a ka ya ratso ruwa har ƙirji. Mutum ne mai faɗan tsiya, tun daga ƙofa ya fara.

"Sai da yaro yak kai haka kunka aiko? Ku mutanen ga, sai kun gama da hayaƙi kuka tuna da ni! Ke, ba ni tukunya."

Tukunyata da ta kwana biyu ba ta ga tuwo ba, ita ya tafasa allurarsa a ciki. Ya tsira wa yaron, ya ba ni ƙwayoyi a ƙunshe cikin takarda, ya zauna a kan turmin da na kife yana ɗiga, yana ci gaba da faɗa, har sai da gumi ya karyo wa Sani ya tsala kuka ya nemi nono. Ba zan yi ƙarya in ce a lokacin yara ba sa mutuwa ba. A markar nan kaɗai an fita da ƙananan gawarwaki da yawa naɗe a tabarma. Amma akwai inda za ka aika, akwai wanda zai zo, kuma in ya buɗe akwatinsa akwai wani abu a ciki.

Sani ya tashi. Gero ya fid da kai, ya yi bununi, ya yi ido. Ran da muka fara karyo tumu muka babbaka a wuta, na murje a tafin hannu na hure, ƙamshin kaɗai sai da ya sa ni kuka. Aka yi girbi, aka ɗaure, taɓarya ta dawo gari. Sai ga Maigida wata yamma, ya yi fes, yana ƙamshin sabulu, da turmin atamfa a hammata. Ya yi murmushi, ya ɗora hannu a kan Sani ya ce yaro ya girma. Na dube shi, na dubi hannun. Na karɓi atamfar na kai ɗinki na ɗaura, don ba ni da inda zan je.

Asibitin Malam Isa ya daɗe da rushewa, shi ma ƙasa ta rufe masa ido. An gina na bulo a madadinsa, mai ɗakuna da baranda. Tun da 'yan bindiga suka fara tare hanyar Zurmi suna ɗibar mutane, ma'aikata suka daina zuwa, ban kuma ga laifinsu ba, kowa ransa guda ne. Jemagu suka tare a ciki, awaki suka karɓi barandar.

Bazarar bara, ana zafin da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa, sai ga mutane da bokitan fenti. Suka shafe bangon gaba fari tas, na baya da na gefe kuwa ko kallo ba su ishe su ba. Washegari babbar mota ta kawo gadaje da fararen zannuwa da kwalaye, da 'yan mata sanye da fararen kaya. Aka yi shela mata su kawo yara, amma ban da ramammu, ban da masu ƙuraje. Ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin asibitin da ake kora marasa lafiya daga ƙofa ba sai ranar. Kulu tana da kumatu da dariya, nan da nan aka zaɓe ta. Rabi ta yi mata kitso, ta sa mata jar rigarta ta salla. Sanata ya iso da jerin motoci da sojoji, ya shiga, ya ɗora mata hannu a ka, masu hoto suka yi ta walƙiya. Kafin la'asar an mayar da gadajen cikin mota. Kwali guda ya faɗo, iska ta yi ta mirgina shi a fili, don babu komai a ciki. Rabi ta dawo gida da turmin atamfa mai fuskarsa, tana murna. Na dubi atamfar na kau da kai.

Bana ko shuka ba mu gama ba 'yan bindiga suka tashe mu. Ba zan ba da labarin wannan ranar ba. Mun dai fito da abin da ke jikinmu da ɗan abin da hannu ya iya ɗauka, muka yi Ƙaura. Yunwar birni daban take da wadda na sani. A tunga in rumbu ya ƙare akwai daji, a nan tafasar ma a faranti ake kasa ta ana sayarwa. Babu gayya, babu gonar da za a yi wa gayyar. Sani, manomin da ke ɗaure dami ya cika rumbu biyu, ya koma dako a kasuwa. Kulu kaɗai ke jin daɗin garin. Kullum sai ta ja ni bakin ƙofa ta nuna allon.

"Kaka, ga ni can bisa! Kin gane ni?"

In ce, "Na gane ki, ƙawata. Wanga ƙaton kai ai ba shi ɓacewa."

Da zazzaɓin ya kama ta, Sani ya karɓo abin da ya iya a kemis. Zazzaɓin ya sauka, ya dawo, ya sauka, ya dawo da ƙarfi. Kumatun suka zube. Na buɗe tafin hannunta na ga ya yi fari. Ta daina jan hannuna zuwa ƙofa.

Wata yamma ruwa yana dukan kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai, Rabi ta manna 'yar rediyonmu a kunne tana jin labarai. Sai ta zabura ta miƙe.

"Inna! Inna, Sanata ya taho Ƙaura!"

"Mi kinka ce?"

"Wallahi na jiya da kunnena. Sun ce Sanata, sun ce asibiti, sun ce Ƙaura. Maganar asibiti ta kawo shi. Inna, ai ya san Kulu, da hannunai yat taɓa ta. In yag gane ta ba shi bari ta lalace."

Da tsufana da komai, na yarda. Wanda yake kallon yaro yana narkewa a gabansa, ko me aka miƙo masa kamawa yake yi. Da safe muka goge mata jiki da ruwan ɗumi. Rabi ta zaunar da ita a cinya ta yi mata kitso irin na hoton sak, kan yarinyar yana langaɓewa ina tallafe shi. Muka sa mata jar rigar, wadda da ta matse ta, yanzu tana yawo a jikinta. Duk don kada ya kasa gane ta. Rabi ta goya ta, na lulluɓa musu leda, muka bi taɓo har ofishin kamfen ɗinsa.

Ƙofa a rufe. Wata mota a waje da lasifika tana ta waƙarsa, ana kirarin asibitocin da ya gina. Maigadi, wani dattijo sa'ana, yana rakuɓe a 'yar rumfa yana shan kunu.

Rabi ta gaishe shi ta ce, "Baba, mun ji Sanata ya taho. Ga ɗiyar da ag ga allo, ba ta da lahiya."

"Ya taho ina? Wa yag gaya muku?"

"Rediyo, jiya da marece. Sun ce ya taho Ƙaura kan maganar asibiti."

Dattijon ya fara dariya, sai ya leƙa bayan Rabi ya ga fuskar Kulu, dariyar ta tsaya. Ya ajiye kofin.

Ya ce, "Ɗiyata, ba Ƙaura anka ce ba. Ƙauracewa anka ce. Ni ma na ji labarun. Maganar kuɗɗin asibitocin ƙauye anka kawo majalisa, anka ce kowa shi hwaɗi inda yat tsaya. Shi ko bai ce i ba, bai ce a'a ba. Yaƙ ƙaurace ma ƙuri'ar. Shina can Abuja, rabonai da nan tun bara."

Rabi ta tsaya tana kallonsa, ba ta gane ba. Ta ce to in bai ce a'a ba, ai bai hana ba ke nan. Ni kuwa na gane tun kafin ya rufe baki, sai na ji kamar ina durƙushe a zauren wan mijina da goyo a baya. Bai sake mu ba, don yana da bukatar babban yatsanmu. Bai kuma zauna da mu ba.

Na ce, "Malam, shina dawowa?"

Ya ce, "In zaɓe ya matso."

Na ce ai na sani, zai dawo da atamfa a hammata. Bai gane abin da nake nufi ba, ni ma ban tsaya yi masa bayani ba. Daga baya Sani ya ce mini wannan ba shi ne na farko ba. A wurin dako suna jin masu kiran waya a rediyo suna lissafa masa: ran da aka kawo maganar ba yara da masu ciki magani kyauta kujerarsa wayam take, in kuwa shi kansa ya yi ciwo jirgi yake hawa ya bar ƙasar. Ni ban san majalisa ba, ban san yadda suke zamansu ba. Abin da na sani, kwalin da iska ta mirgina a gabana babu komai a cikinsa.

Daga ofishin muka wuce asibiti, aka kira Sani daga kasuwa. Duk wanda aka kora daga ƙauyukan Zurmi da na Shinkafi kamar a nan ya juye yaransa. Gado guda yara biyu, uku, wasu a ƙasa kan zane, wasu a baranda ruwa yana feso musu. Ma'aikatan ba su yi sakaci ba, na ga idanunsu jajur, na ga yadda suke gudu. Wata nas ta ja fatar idon Kulu ta duba, ta ce jininta ya ƙare, allurar da ake bukata kuma ta ƙare a wurinsu, sai an nemo a waje. Sani ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa, jinin da Malam Isa ya ratso gulbi ya tsirar, sannan ya fita cikin ruwa da auduga a gwiwar hannu yana bin shaguna. Ina zaune ina riƙe da ƙafarta, ina jiran gumin nan da ya karyo wa ubanta. Ana kiran la'asar ƙafar ta yi sanyi a hannuna. Sani ya shigo da allurar a jiƙe sharkaf, ya tarar Rabi tana warware mata kitso.

A maƙabartar Ƙaura aka sa ta, cikin baƙi, ƙasa tana ta ruwa. Muka dawo ɗaki, ga ta a allon bakin titi tana mana dariya. Rabi ta rataya buhu a ƙofa, ta daina fita sai dole, in ta fita kanta a ƙasa. Ni kuwa na ci gaba da zama a wurina ina kallo. Raina yana ɓaci, amma ba na iya daina kallon, don ba mu da wani hotonta a duniya sai wannan.

Da marka ta fara janyewa aka yi hadari mai iska, irin na bankwanan damina. Ya yaga allon ya jefo tamfol ɗin cikin kwata. Kafin ruwa ya ɗauke mutane sun yi kansa, kowa yana son abin rufe ɗakinsa mai yoyo, kuma ban ga laifin kowa ba. Sani ya kutsa cikinsu yana cewa ɗiyarsa ce, ɗiyarsa ce, har suka sakar masa tsakiyar. Ya kawo, muka wanke taɓon, ya shimfiɗa a ƙasa ya ɗauko reza. Ya yanke rubutun ya jefar. Ya yanke babbar rigar, ya yanke fuskar Sanata da murmushinsa, ya bi hannun rigar yana yanka a hankali har ya iso wuyan hannu. A nan ya tsaya. Yatsun sun kwanta a kan kitson, babban ya sauko har goshinta.

Ya juya rezar ta nan, ya juya ta can. Can ya ɗago ya dube ni.

"Inna, in nac cire hannun ga, kanta za ni yanka."

Na ce, "Bar shi."

Mun kafa hoton a bangon da ba ya yoyo. Yanzu haka na san ɗan geron da muka samu muka shuka a tunga ya isa tumu, ba mai karya shi sai tsuntsaye. Kowace safiya in na idar da salla na ɗaga kai, ga Kulu da jar rigarta tana dariya, ga hannun mutumin a kanta har da zobensa. A bakin titi kuwa an riga an ɗaura sabon allo. Wata yarinya ce a ciki, ban san 'yar wace ce ba. Ita ma tana da kumatu.